Farin Kwali da Baƙin Hayaƙi

Mu malaman makaranta a nan Tamale mun saba da ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ta tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zube mana a kan tebur da littafi. Wannan daga Allah ce, ba mu da ta cewa. Amma akwai wani hayaƙi da ba daga Chadi yake zuwa ba, wato na tsofaffin tayoyi da ake ƙonawa don babbake fatar shanu a yi ganda, wadda mutanen kudu ke kira wele. Da hantsi yakan shigo ta taga, yara su kama tari, mai asma ya kifa kai.

Da muka kai kuka, sai aka ce ina shaida? To, ba mu da na'ura. Muka yanka farin kwali, muka shafa masa basilin, muka rataya ɗaya a tagar gabas, ɗaya a bayan makaranta. Kowace Juma'a yara su sauke su, su rubuta kwanan wata da inda iska ta kaɗo. Na baya yakan yi ja-ja irin ƙurar hunturu. Na gabas kuwa baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

Kada mu ruɗi kanmu, kwali ba ya auna mafi haɗarin, wato ƙwayoyin nan da ido ba ya gani, masu shiga can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada su wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska cikin awa 24. Wannan sai na'ura, irin waɗanda shirin Breathe Accra ya kakkafa a babban birni. Mu ma muna so.

Sai dai yarinyar da ta fi kowa kula da littafin lissafin nan, 'yar ɗaya daga cikin masu babbakar ce, kuma da kuɗin gandar ake saya mata takalmi. Muka gayyato mahaifinta. Ya daɗe yana juya kwalin a hannu, sa'an nan ya ce gas da itace sun yi tsada, taya kuwa kusan kyauta ce a wurin masu faci. Muka yi shiru, domin gaskiya ya faɗa.

Can ya ce, "Malam, wane lokaci iska ta fi juyowa wajenku?"

Muka ce 'yarsa ta buɗe masa littafin.