Ruwan famfo: rangwamen gwamnati na zuwa hannun wa?

 Duk lokacin da muka buɗe layin waya a shirinmu na safe, da wuya a tashi wani bai kawo kukan ruwa ba, balle idan bazara ta kama. Yau ina so mu zauna mu yi lissafi tare.

Tun daga gyaran da aka yi a 2001, SPEN ce ke da alhakin gina rijiyoyi, tankuna da bututu a birane. Rabon ruwa da karɓar kuɗi kuwa SEEN ce ta riƙe, har zuwa farkon 2024 da NDE, kamfanin ƙasa, ta gaje ta. Gwamnati ce ke yanke farashi, kuma ta tsara shi hawa-hawa. Metir kib goma na farko a wata, kowane ɗaya tamma 127, shi ne rangwamen talaka. Daga 11 zuwa 40 sai ya haye tamma 321.

A takarda tsarin ya yi kyau. To amma wa ke cin moriyarsa? Sai wanda ke da famfo da konter a gidansa.

Metir kib ɗaya lita 1000 ne, wato bidon 40 mai lita 25. Matar da ke sayen bidon ɗaya dala biyar wurin mai ga-ruwa, jika guda take biya kan ruwan da mai famfo ke biyan tamma 127. Kusan ninki takwas ke nan. A Damagaram, garin da ke zaune kan dutse, ana janyo masa ruwa daga Gogo-Machaya, Arungoza da Ganaram, kowa ya san bidon ba ya tsayawa dala biyar idan zafi ya tsananta. Ban ga laifin ƴan ga-ruwa ba, guminsu suke sayarwa.

Akwai kuma gidajen haya. Na taɓa zama a gida mai iyali shida, konter ɗaya. Ko sati ba a yi muke cinye metir kib goman nan, sauran watan duka a farashi na sama. Ranar da faktir ta zo, sai ka ji ana ƙirga wa ya fi wanki, wa ya fi yara. Ga mu talakawa, amma konter na lissafa mu kamar gidan attajiri.

Ba cewa nake a ba da ruwa kyauta ba. Injin janyo ruwa na cin lantarki, magani da gyaran bututu kuɗi ne, ma'aikata na jiran albashi. Idan ba a biya ba, famfon ne zai bushe mana. Amma mun ga a 2020, lokacin korona, gwamnati ta ɗauki nauyin faktir ɗin ruwa da wuta na masu ƙaramin ƙarfi na watannin Afrilu da Mayu. Mai sayen bidon bai ga ko dala ba, don ba shi da faktir.

Roƙona ga hukumomi abu uku ne. A sa kuɗin tallafi wajen janyo bututu zuwa sababbin unguwanni da sauƙaƙa kuɗin haɗa famfo, ko da biya kaɗan-kaɗan ne. A ba gidajen haya damar samun konter kowane iyali. Sannan magadan gari su sa ido kan farashin bidon a famfunan unguwa.

Ku kuma jama'a, ku faɗa mana: nawa ne bidon a unguwarku wannan sati? Da alƙalumanku za mu tunkari masu alhaki a shiri na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.