Lokacin da Saiti Yake a Ido da Yatsa

A Jimeta ta zamanin jihar Gongola, kafin a raba ta a 1991, mai hoto mutum ne da ake yi wa shimfiɗa a gidan biki. Zai iso da Yashica ko Pentax K1000 rataye a wuya, fim ɗin Kodak ko Agfa a ciki, hoto 36 kacal. Ba ya danna maɓalli sai ya tabbata.

Tabbacin kuwa daga ido yake zuwa. A tsakiyar tagar leƙawa ta da yawa daga kyamarorin zamanin akwai 'yar da'ira da aka raba biyu. Sai ya nemi wani abu miƙaƙƙe, gefen hular ango ko zaren aska ta babbar riga, ya gan shi a karye, ya riƙa murɗa zoben lens a hankali har sama da ƙasa su haɗu. Amarya na tsaye ta ƙame, tsofaffi na mita, shi ko a jikinsa. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo Aliyu Musɗafa a Yola, doki ba ya jiran kowa, saboda haka gwanaye kan yi saiti a kan wani wuri a ƙasa tun kafin mahayi ya iso, su jira kofato ya taka nan. Wanda ya kuskure ba zai sani ba sai an wanke fim, bayan kwanaki, fuskoki sun fito dishi-dishi, biki kuma ya watse.

Minolta ta fitar da kyamara mai saita kanta a 1985, daga baya dijital ta zo, wayoyi suka ƙarasa sauran. Ɗakunan wanke hoto suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne yadda hannu ya koma kan zoben nan. Kyamarori marasa madubi, waɗanda Panasonic ta fara da su a 2008, yawancinsu yanzu suna da wata dabara da aka aro daga masu ɗaukar bidiyo: kana murɗawa, gefen duk abin da ya shiga saiti yana haskawa da ja, ko rawaya, ko fari. Matashin mai hoto da ke farautar 'yan hidimar ƙasa a sansaninsu na Damare zai iya ɗaura tsohon lens na Pentax da ƙaramin mahaɗi, ya jira ja ya sauka a kan gashin ido. Sai dai na'urar bambancin haske da duhu take bi, ba ta san ido daga aljihun kaki ba. Idan hazon hunturu ya lulluɓe Binuwai, launin yakan yi rauni, idan kuma aka ƙara masa ƙarfi ya bazu ko'ina kamar lalle a hannun yaro. A nan dole ya zuƙo hoton a allo ya duba da kansa, kafin layin masu jiran hoto ya koma wurin na kusa da shi.