Hoton da ya tsaya a kan tsohon adadi

A aikin jarida nakan jera alƙaluman kasafin kuɗi a Excel, in liƙa hotonsu mai haɗi a shafin taƙaitawa. Fomula ce ke riƙe da hoton, shi ya sa yake bin duk canjin da aka yi a tushe. Ranar da ya tsaya kuwa ba ya gargaɗi, sai tsohon adadi ya kai ga mai karatu.

Nakan fara duba tsarin lissafi, domin Excel kan gaji tsarin fayil ɗin da aka fara buɗewa. In na hannu ne, sai in danna F9, in mayar da shi na kai-tsaye. Sannan in karanta fomular hoton, in gyara adireshin idan an goge gidajen da take nunawa. Kafin labari ya fita, nakan canja adadi ɗaya in ga ko hoton ya bi.