Mai Zanen Giwaye

Akwai wani Bature mutumin Ingila, sunansa David Shepherd, wanda na daɗe ina tunanin sana'arsa. An haife shi a 1931. Tun yana yaro ba shi da buri sai na zama mai tsaron gandun daji a Afirka. Da ya gama makaranta ya tafi Kenya neman aikin, aka ce ba a bukatarsa. Ya koma gida, ya shiga koyon zane wurin wani gwani, har hannunsa ya faɗa.

A 1960 ya isa wani tafki a ƙasar Tanganyika, wadda yanzu take cikin Tanzaniya. Mafarauta sun zuba wa ruwan guba, ga jakunan dawa 255 kwance matattu. Tun daga ran nan ya ɗaura niyyar taimakon namun daji da sana'arsa.

To, mai karatu zai ce, ina amfanin zane ga dabbar da ake kashewa? Ni dai a ganina amfaninsa yana wurin daɗewar kallo. Mai zane ba ya gaggawa. Sai ya zauna nesa kaɗan da giwa, da takarda bisa gwiwa, ya lura da yadda take kaɗa kunnuwa, da tamojin fatarta, da yadda take kāre ɗanta. In ta motsa ya sāke sabo. Mu da muka koyi rubutu da girma mun san wannan haƙuri, gama baƙi ɗaya ma sai da muka maimaita shi sau da yawa kafin ya zauna. Wanda ya ga irin wannan sura, ko bai taɓa taka daji ba, sai ya ji tausayin dabbar, ya sa hannu aljihu.

Haka kuwa aka yi. A 1972 aka ƙidaya damisar Indiya, irin mai ratsi-ratsi, aka tarar saura 1,827. Shepherd ya zana surarta, aka buga da yawa aka sayar, aka tara fam 127,000 domin shirin tsaronta na 1973. A 1984 kuma ya kafa gidauniya mai sunansa, don tallafa wa masu tsaron giwa da karkanda da damisa.

Ya rasu a 2017, gidauniyar kuwa ta ci gaba da aikin bayansa.