Kokawar da ake farawa bayan an faɗi

Mu da muka taso muna kallon kokawa a dandali bayan kaka, abu ɗaya muka sani: da zarar an kai ka ƙasa, zance ya ƙare, makaɗa sun koma kan wanda ya kayar. Shi ya sa daren da wani ɗan ɗakinmu a jami'a ya nuna mana bidiyon gasar UFC ta farko, muka kwana musu. A birnin Denver na Amurka aka yi ta, a 1993. Wani siririn ɗan Brazil, Royce Gracie, ya riƙa kai ƙarti ƙasa yana danne su har su miƙa wuya. Mutum uku a dare ɗaya.

Da muka bi salsala, sai muka tarar tushen abin a Japan yake. Mitsuyo Maeda, gwanin judo daga makarantar Kodokan, ya sauka Brazil a 1914, ya zauna a garin Belém. Carlos Gracie ya koya a wurinsa, ya buɗe tasa makarantar a Rio de Janeiro a 1925. Shi da ƙanensa Hélio, wanda ba shi da jiki, suka fi mai da hankali kan abin da ke faruwa bayan an faɗi. Abin da duniya ke kira jiu-jitsu na Brazil ke nan.

Dabarar ce ta ruɗe mu. Mutum yana kwance rigingine, ya harɗe ƙugun na samansa da ƙafafu, kai ka ce an gama da shi, alhali tarko ya ɗana. Ba naushi, ba shuri. Sai ya ware hannu ɗaya, ya haɗa masa ƙarfin ƙafafu da na baya gaba ɗaya, ya tanƙwara gwiwar hannun ta inda ba ta tanƙwaruwa. Ko ya matse jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa. Wanda ya ji an kama shi sai ya bubbuga abokin karawarsa da tafin hannu, a sake shi nan take, a sake sabon lale.

Wannan bubbugawar ce muka raina. Mun karanta yadda Masahiko Kimura ya murɗe hannun Hélio a filin Maracanã a 1951, Hélio ya ƙi sallamawa har hannun ya karye, sai da Carlos ya jefa tawul. Mun ɗauki labarin jarumta ce zalla, muka yi ta maimaita shi.

Sai muka sauke katifu ƙasa, ba malami, sai waya a jingine da bango. A dare na huɗu aka yi wa ɗayanmu wannan murɗiyar, wadda har yau sunan Kimura take amsawa. Muna ta ihu, "Kai, abokina, buga mana!" Ya cije leɓe, wai ɗan gidan 'yan kokawa ba ya sallamawa. Duk ɗakin ya ji ƙarar kafaɗar.

Saura mako biyu jarrabawa, kuma hannun dama ne. Mun yi karo-karo na kuɗin asibiti, muka raba kwana wajen kwafa masa darasi, amma darussa biyu sai baɗi zai sake rubuta su. Mahaifinsa da ya zo, tambaya ɗaya ya yi mana: wa ya koya muku? Babu wanda ya ɗaga kai. Katifun dai sun koma kan gadaje tun ranar.