Ziyarar Jami'ar Gilasgo: Inda Ake Koya wa Ƙwayoyin Jiki Gina Ƙashi

Jami'ar Gilasgo da ke ƙasar Sukotlan tsohuwa ce tukuf, don tun 1451 aka kafa ta. Babban gininta na dutse yana kan tudu, hasumiyarsa na kallon kogin Kelvin, ga yayyafi da ba ya rabuwa da garin. Baƙo zai zaci wuri ne na tsofaffin littattafai kawai. Amma a cikin harabar nan ake wani aiki mai ban al'ajabi: sassaƙa fuskar roba da ƙarfe domin a sa ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam su yi abin da likita ke so.

Aikin ya samo asali ne daga abotar malamai biyu, Adam Curtis masanin ƙwayoyin halitta da Chris Wilkinson injiniyan lantarki, waɗanda suka kafa cibiyar wannan bincike a 1997. Wilkinson ya kawo fasahar da ake zana sassan kwamfuta da ita, Curtis kuwa ya daɗe da lura cewa ƙwayar halitta tana laluben abin da ta kwanta a kai. In ta tarar da kwari sai ta miƙe ta bi shi.

Ɗakin da ake zanen, a cibiyar da ke ɗauke da sunan James Watt, ba a shigarsa da kayan gida. Ma'aikata sun rufe jiki tun daga kai har ƙafa, domin ƙura ɗaya tak na iya ɓata aikin yini. Abin da ke fitowa daga ƙarshe ɗan faifan roba ne, sumul a ido da hannu. Sai an sa shi ƙarƙashin na'urar ƙara girma ake ganin ramuka jere reras kamar gurabun dara. Faɗin kowane rami nanomita 120 ne, zurfinsa 100, tsakanin wannan da wancan kuma 300. Ɗaruruwansu za su jeru a kaurin silin gashi guda.

A nan abin mamakin yake. A 2007 Matthew Dalby da abokan aikinsa suka ɗora uwayen ƙwayoyi, wato masu iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin, da aka ɗebo daga ɓargon mutum a kan ramukan da aka ɗan karkata layinsu, da abin da bai wuce nanomita 50 ba. Sai ƙwayoyin suka shiga gina ƙashi, ba tare da an zuba musu maganin da aka saba ba. A 2011 kuma aka nuna cewa idan layin ya miƙe sak, ƙwayoyin na zama yadda suke har makonni, suna hayayyafa. Dalili shi ne ƙwayar tana kama ƙasa da wasu ƙananan maɗaurai. Idan ta sami riƙo mai ƙarfi, kamar a kan ramukan da aka karkata layinsu, zaruruwan cikinta sai su ɗaure tamau, saƙon ya isa cibiyarta, ta ɗauki hanyar zama ƙashi.

Aikin ya fara fita daga ɗakin gwaji. A 2017, a asibitin dabbobi na jami'ar, an ceto ƙafar wata karya mai suna Eva wadda mota ta buge, karayar ta ƙi haɗewa. Gutsattsarin ƙashi aka shafe da wata roba mai riƙe sinadarin tsiro da ƙashi, aka cike gurbin. Gidauniyar Bobby Charlton, shahararren ɗan ƙwallon Ingila, ita ta ɗauki nauyin binciken domin waɗanda nakiya ta raunata.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai karayar da ta ƙi ɗoruwa ya san darajar wannan aiki. Ina kira ga matasanmu masu karatun likitanci da na injiniya da su riƙa zama inuwa ɗaya, domin haɗuwar fannonin nan biyu ce ta haifar da abin da ake gani a Gilasgo.