Kirsimeti A Ikko: Daga Agege Zuwa Jujin Olusosun

Duk matafiyin da ya fito daga Arewa ya nufi Ikko ta hanyar Ibadan, kafin ya ga dogayen benaye ko babbar gada, abin da zai fara yi masa maraba a Ojota shi ne wani tsauni baƙi ƙirin a gefen hanya, wanda hanci ke riga ido sanin an iso shi. Wannan shi ne jujin Olusosun. Ni ma ta nan na shiga gari ana saura kwana uku Kirsimeti, na toshe hanci kamar kowa, ban san zan dawo wurin da ƙafata ba.

A Agege na sauka, wajen wani ɗan'uwana ɗan kasuwa. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, Hausawa da Yarbawa da Ibo duk tsakar gida ɗaya. Ran 25 ga watan Disamba tun da hantsi matar mai gidan, wata dattijuwa Kirista, ta aiko mana da shinkafa dafa-duka da kaji, kamar yadda mu ma a kan kai musu nama ran Layya. Kashegari da sassafe na tarar da ita a tsakar gida ta tara jikokinta, ta sa su suna ware tarkacen biki kashi-kashi.

Na gaishe ta na ce, "Mama, ina gajiyar biki? Wannan aiki fa, ba sai a zuba a mota ɗaya a huta ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Malam, kuɗi ne kake cewa in zubar?"

Sai ta shiga nuna mini. Kwalaben lemo an mai da su akwatinsu za a kai wa dillali, domin ta ajiye kuɗi a kansu. Gorunan roba an wanke, masu zobo da kunun zaki da gyaɗa za su saya. Gwangwanaye buhunsu daban, kwalaye an ninke an ɗaure. Ragowar abinci kuwa tun daren jiya an raba wa maƙwabta, ƙanzo da ɓawon doya an kai wa mai awaki. Abin da ya saura na zubarwa bai cika bokiti biyu ba, alhali gidan ya ciyar da mutum fiye da hamsin.

Da hantsi sai ga wani saurayi ɗan jari-bola, mutumin ƙasar Katsina, da buhu da ma'auni. Ya auna gwangwanin ya biya. Na bi shi da tambaya, ya ce makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara shi ne kakarsu, amma kayan da aka ware a gida sun fi daraja, domin kwali in ya haɗu da miya ya jiƙe ya tashi daga kuɗi. Shi ne ya ce in ina son ganin inda sauran ke ƙarewa, in je Ojota.

Na je, gani kuwa ya kori ji. An fara zuba shara a Olusosun a 1992, lokacin wurin yana bayan gari, filinsa kimanin eka 100. Yau gari ya kewaye shi. Hukumar kwashe shara ta jihar, watau LAWMA, wadda asalinta ya faro tun 1977, ta ƙiyasta cewa Ikko na fitar da shara wajen tan 13,000 kowace rana. Na tsaya ina kallon motoci a jere suna juyewa, mutane kuma riƙe da ƙugiya suna tsintar ƙarfe da roba, da yawansu da Hausa suke magana. Ga takardun naɗe kyauta masu ƙyalli, ga kayan ado na roba da aka rataya kwana biyu kacal, ga shinkafa tuli a cikin leda tana ruɓewa.

Ruɓaɓɓen abincin nan shi ne babban haɗari. In ya danne a ƙarƙashin tuli ba iska, sai ya riƙa fitar da wata iskar gas mai kama wuta. A watan Maris na 2018 gobara ta tashi a jujin, hayaƙi ya turnuƙe unguwannin kewaye kwana da kwanaki, har gwamnan lokacin, Akinwunmi Ambode, ya sa aka rufe wurin, daga baya aka sake buɗewa. Abin da bai iso juji ba kuwa yana kwance cikin kwatoci. Disamba rani ne, ba mai kula, sai damina ta sauka ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan talakawa. Saboda haka ne a watan Janairu na 2024 gwamnatin jihar ta haramta fararen mazuban abincin nan na soso da a kan ci a yar.

Na bar Ojota ina tunanin tsohuwar nan ta Agege. Ba ta taɓa halartar taron tsabtace muhalli ba, amma abin da ta yi da jikokinta cikin sa'a guda ya rage wa motar shara kaya, ya ba yaron Katsina abin sayen abinci, ya kuma dawo mata da 'yan kuɗi. Mu ma a Arewa ba baƙin wannan hikima ba ne, duk wanda ya san Panteka ta Kaduna ya ga yadda gwangwani ke zama tukunya. Sai dai leda ta zo ta sangarta mu, ran Salla lungunanmu ba su da bambanci da na Ikko ran Kirsimeti.

Don haka ina kira ga masu karatu, Kirista da Musulmi, in biki ya zo a dafa daidai ciki, a raba ragowa tun ba ta lalace ba, a ware kwalba da gwangwani da kwali kafin a kai bola. Hausawa sun ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa zai zuba. To, na ga juji da idona a Ojota, shi ma yana cika.